Saƙo Bakwai da Birnin Ruwan da Ba Mu Gani Ba

Mun bar gida a unguwar Aƙiƙ ta Madina bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da manyan akwatuna uku. Ɗaya ne namu. Sauran biyun kayan mutane ne, kuma su suka cinye mana tafiyar, don haka bari in fara da yadda aka yi suka shiga mota.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san dabino nake sayarwa. Ina saro shi daga manoman Khaibar, ina sayar wa alhazai a wajen masallacin Ƙiblatain, yau shekara talatin da ɗaya. A duk shekarun nan gidana bai rabu da baƙi ba, kuma Hajiya ce ke tsaye a kan tukunya. Ita 'yar Yawuri ce, a bakin kogi ta girma, mahaifinta ma yana da kwale-kwale. Tun da na kawo ta Madina ba ta sake taka jirgin ruwa ba. Bara ta nuna mini wani birni a wayarta, Venis, a ƙasar Italiya, inda tituna ruwa ne, motar haya ma jirgi ce. Ba ta ce in kai ta ba. Ta dai kalli bidiyon sau uku a gabana. Na ce mata in Allah ya kai mu bayan Hajji zan kai ta. Bana biza ta fito, na tsara kwana takwas: mu sauka a Rum, mu yi ta haurawa arewa a jirgin ƙasa, mu yi kwana uku cur a Venis, mu tashi daga Milan.

Kuskurena ɗaya ne, na yi sallama. Haka muka taso, ba a barin gari a ɓoye. Na bi shaguna, na tsaya a ƙofar masallacin unguwa, na ce za mu Turai a yi mana addu'a. Addu'a ta zo, saƙo ya biyo bayanta. Ashe kowa yana da wani a Turai, kuma a wurin mutanenmu Turai unguwa ɗaya ce. Wani ya kawo na ƙaninsa da ke Jamus. Shi kaɗai na mayar, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. Bakwai na karɓa: dabino, turaren wuta, jallabiyoyi, sallaya, man habbatussauda, har da butar shayi ta ƙarfe. Ba zan ɓoye ba, shida daga ciki na karɓa ne don masu su suna kawo mini alhazai shago duk shekara.

Na bakwai ƙulli ne ɗan ƙarami, na wata tsohuwa maƙwabciyarmu mutuniyar Tawa, da duk layinmu ke kira Inna. Ɗanta ya bi ta Libiya ya tsallaka, shekara goma sha biyu ba ta sa shi a ido ba. Suna waya, amma kullum ya ce kyamararsa ta lalace. Ta miƙo mini ƙullin da hannu biyu ta ce, "Alhaji, ba don kayan ba. Ka gan shi da idonka, ka zo ka faɗa mini."

Daga Madina zuwa Jidda mun hau jirgin ƙasa mai gudu. Na saba da shi, sai na ɗauka na san jirgin ƙasa. Da yamma muka sauka a Rum, muka biya Yuro goma sha huɗu kowannenmu zuwa babbar tasha. A nan na fara gane cewa a ƙasar nan babu ɗan dako. Ka zo da akwati, naka ne, kai za ka ɗaga shi ka hau matakalar tarago, kai za ka nema masa wuri, kai za ka sauke. Shekarata sittin ba ɗaya. Hajiya kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe tana damunta. Na ja biyu, ta ja ɗaya, a kan titin da aka shimfiɗe da ƙananan duwatsu baƙaƙe, ƙafafun akwatuna suna ƙara kamar injin markaɗe, har muka kai masauki.

Rum ta ci saƙo biyu da yini guda. Mutum na farko ya ce mu jira shi a tasha ƙarfe goma, bai zo ba sai ɗaya da rabi. Ban ga laifinsa ba, a kicin ɗin wani gidan abinci yake aiki, ba shi da ikon kansa. Na biyun ya ce ba zai iya fitowa ba, mu zo. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan bas, sannan ƙafa. Wannan babban tsohon ginin mai zagaye da ake nunawa a hotuna, mun gan shi, amma ta tagar bas, Hajiya tana riƙe da ledar jallabiyoyi a cinya. Na ce mata, "Kin ga ai mun gani." Ta ce, "Mun gani, Alhaji."

Bari in faɗi abin da ya shafi aljihu, don na san akwai masu niyya. Kofi a tsaye a kanta bai kai Yuro biyu ba, amma kurɓa biyu ne ya ƙare, in ka zauna a kujera kuɗin ya canza. Bayan gida a tasha Yuro ɗaya, kuma babu buta, sai ka shiga da gorarka. Masaukai kuwa sun burge Hajiya, don kowane banɗaki akwai wurin tsarki na musamman a gefe. Abincin halal ba ya wuya a kusa da tasha, 'yan Bangaladash da Pakistan sun riƙe wannan kasuwar kamar yadda suka riƙe ta a nan, har na ji kamar ban bar gida ba. Ruwan sha kada ka saya a cikin tasha, ka tsallaka titi.

Kashegari muka gangara Napoli. Awa ɗaya da 'yan mintuna, jirgi shiru kamar ba ya tafiya, gonakin zaitun suna wucewa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne allon tasha. Ba sa faɗa maka layin da jirginka zai tsaya sai ya rage minti goma ko ƙasa da haka. Kowa ya tsaya ya ɗaga kai kamar masu duban wata, da lamba ta fito sai a ruga. Mai jaka ɗaya a baya ya wuce abinsa. Mu masu akwati uku kullum mu ne na ƙarshe, ina gumi a cikin sanyi. Kalma ɗaya na koya da Italiyanci, binariyo, wato layin jirgi, kuma har a mafarki na riƙa jin ta.

Napoli gari ne mai hayaniya, babura ko'ina, shanya daga bene zuwa bene. Ya tuna mini da cikin birnin Kano, ban ji baƙunta ba. Mun ci fiza mai tumatir da cuku a Yuro biyar, faɗinta ya kai faifai. Hajiya ta ciro yajinta daga jaka ta barbaɗa, mai shagon ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa, daga baya ya ɗanɗana ya yi ta tari, matarsa tana yi masa dariya. Saƙo na uku ya tafi cikin sauƙi. Ɗan Inna ne ya gagara. A wajen Napoli aka ce yake, na kira lambar sau tara ba ta shiga. Na ce mu ƙara kwana, na kira masaukin Venis na rage dare ɗaya. Akwai teku a Napoli, da jirage a bakinsa, amma yinin ya tafi ne a neman mutum, daga shagon wani ɗan Gana zuwa wani ƙaramin masallaci a ƙarƙashin bene. Sai bayan la'asar aka ba ni sabuwar lambarsa. Ya ɗauka, muka gaisa, ya ce, "Baba, ai aikin tumatir ya ƙare, tun watan jiya na hau arewa tsinkar tuffa. Ina cikin duwatsu, gaba da Tirento." Na duba taswira. Mun gangaro kudu don mutumin da yake can ƙarshen arewa.

A rana ta biyar muka nufi Bolonya, awa uku da rabi. Nan ne kawai na ɗan huta. Muka haɗa azahar da la'asar a zaune, waya tana nuna alƙibla tana juyawa duk lokacin da jirgi ya karkata. Rabin hanyar ƙarshe duk rami ne a cikin dutse, ka fito ka ga kore na daƙiƙa biyar ka sake shiga duhu. Hajiya ta miƙe ƙafa a kan akwati, gwiwar ta fara kumbura. A Bolonya jirgi mai gudu a ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa, hawa huɗu, mu kuma ƙaramin jirgin da za mu canza yana sama, minti tara tsakani. Akwai lif, amma da layi, kuma ba ya ɗaukar mu da kayanmu a tashi ɗaya. Muna isa sama muka ga bayan jirgin. Ban zargi kowa ba. Jirgi ya tashi a kan lokacinsa, mu ne muka zo Turai da butar shayi.

Mai butar yana wani ƙaramin gari kusa da Modena, a masana'antar tayil yake aiki. Mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne ya ci mana dare na biyu. Matarsa ta kwana biyu tana shiri, ta yi tuwon semo da miyar kuka, an kira duk Hausawan yankin su zo su ga mutanen Madina. Kowa yana son ya riƙe hannuna, wai hannun da ke gaida Manzo ne, a yi masa addu'a. Wa zai tashi daga irin wannan zama ya ce jirgi yana jiransa? Muka kwana. Da safe na leƙa kicin na tarar da Hajiya a tsaye tana taya matar gida wanke tukwane. Na kawo ta Turai don ta huta da tukunya, ga ta a kan tukunyar wasu. Na fita waje na sake kiran Venis, na soke sauran.

Wani abin da ban hango ba, duk wanda ka kai wa saƙo yana da nasa da zai mayar. Takalma, agogo, man zaitun, bargo. Ina tsammanin akwatuna za su yi ta sauƙi muna tafiya, sai suka tsaya yadda suke. A Biresha, inda muka sauke na biyar da na shida, har ƙaruwa suka yi.

Rana ta bakwai ita ce ta ƙarshe, don kashegari da safe jirginmu zai tashi daga Milan. Muka bar akwatuna a masaukin Biresha, karo na farko da muka shiga tasha hannu sake, sai jakar Hajiya da ƙullin Inna. Muka sauka a Berona, inda hanya ta rabu. A allo ɗaya na ga jirage biyu, tsakaninsu minti goma sha biyu. Ɗaya gabas zuwa Venis, awa ɗaya da rabi. Ɗaya arewa zuwa Tirento. Ɗan Inna ya riga ya faɗa mini ba zai iya barin gona ba sai hutun rana, rabin awa, kuma takardunsa ba su kammala ba, ba ya son yin nisa a jirgi. Na auna ta kowane gefe, biyun ba sa haɗuwa a yini ɗaya.

Ni na riga na yanke. Na ce, "Hajiya, khalas, magana ta ƙare. Akwai gidan waya kusa da tasha. In aika masa, jibi ya samu. Mu tafi Venis."

Tana zaune a kan benci tana murza gwiwa. Ta ce, "Me Inna ta ce maka ranar da ta kawo ƙullin?"

"Ta ce in ba shi."

"A'a, Alhaji, ina wurin. Ta ce ka gan shi da idonka. Gidan wayar yana da ido?"

Na ce, "To ke fa? Don ke aka yi tafiyar nan."

Ta yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. "Yau ka tuna? Shida ka karɓa don kasuwa, ka kai su har ƙofa, ni ina bin ka da leda. Ɗaya ne na Allah, shi za ka jefa a akwatin waya? Tashi mu je, kafin lambar ta fito ka fara guje-gujenka."

Na je na sayi tikitin arewa.

Hanyar tana bin wani kogi mai ruwa kore-kore, duwatsu a hagu da dama, gonakin inabi a jikinsu kamar an jera da hannu. Hajiya ta zauna ta gefen taga. Kogin ya ɓace ya dawo, ya ɓace ya dawo, duk lokacin da ya dawo sai ta gyara zama. Bayan Tirento muka canza zuwa ƙaramin jirgi mai tsayawa a kowane ƙauye. Daga nan sai tuffa, layi bayan layi, an rufe wasu da raga. Na tuna kwalayen tuffar Italiya da nake gani a kasuwar kayan marmari a Madina. Shekaru ina wuce su, ban taɓa tambayar wa ke tsinkowa ba.

Tashar ba ta da ko ma'aikaci, benci biyu ne da injin tikiti. Sha biyu da kwata ya iso a kan keke. Mutum ne dogo, ya kusa arba'in, ramamme, furfura ta fara cin gemunsa, hannuwansa duk tsaga. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu. Na ce, "Kai ne mai kyamarar da ta shekara goma sha biyu a lalace?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, me zan nuna mata? Na ce mata zan yi shekara biyu in dawo da abin gina gida." Hajiya ta ce, "Ita gida ta tambaye ka? Karɓi kayanka."

Ya kwance ƙullin a kan benci. Dabino ne kamar rabin kilo, da carbi, da hula, da yaji a cikin 'yar kwalba, dakan hannun Inna. Ya buɗe kwalbar ya shinshina, sai ya juya mana baya ya fuskanci duwatsu. Muka ƙyale shi. Da ya juyo, Hajiya ta ce ya sa hular, ta ɗauke shi hoto uku, ta ce na farko bai yi ba don ya ɓata fuska kamar wanda aka kama. Muka yi azahar ni da shi a gefen dandamali a kan rigarsa ta sanyi. Ya ciro tuffa huɗu daga aljihu ya ce a kai wa Inna, shi ya tsinka da safe. Ya hau keke ya koma. Duka minti ashirin da biyar.

A hanyar dawowa na tuna cewa da safe, tsakanin Biresha da Berona, jirgi ya wuce ta gefen wani babban tafki da ake kira Garda. Na tambayi mai duba tikiti da hannu da 'yan kalmomi, ya ce akwai jirgin ruwa, in mun yi sauri za mu sami na yamma. Muka sauka a tashar bakin tafkin, muka gangara a hankali saboda gwiwa, na biya kuɗin zuwa gari na gaba da dawowa. Ba kwale-kwale ba ne, babban jirgi ne mai bene, hannu ba ya kai ruwa. Hajiya ta zauna a waje duk da sanyi, ta ja mayafi, ta ce warin ruwa ɗaya ne a ko'ina. Ta nuna mini yadda mahaifinta ke karanta iska a fuskar ruwa. Ba a yi minti goma ba na ji ta yi shiru. Na duba, barci ya ɗauke ta, kanta a jikin ƙarfen jirgi. Shekara talatin tana jiran ruwa, na gajiyar da ita har ta kasa kallonsa. Na rasa ko in tashe ta ko in bar ta. Na bar ta. Ni na kalli tafkin, ni da ban taɓa damuwa da ruwa ba.

Kashegari muka ja akwatuna uku zuwa Milan, daga nan Jidda, daga nan jirgin Madina. Da na hango dutsen Uhudu na ji kafaɗuna sun sauka. Ba mu gama cire takalmi ba Inna ta yi sallama. Hajiya ta ba ta wayar, ta daɗe tana kallo, tana matso da ita kusa da ido tana nisantawa. Ta ce, "Ya rame." Hajiya ta ce, "Ya rame, Inna, amma yana tsaye da ƙafafunsa, kuma tare suka yi sallah da Alhaji." Ta juyo gare ni ta ce, "Ka gan shi?" Na ce na gan shi da idona. Ta karɓi tuffa huɗun ta ƙulle a bakin zane. Hajiya ta ce har yau ba ta ci ba, suna nan a kan kantar ɗakinta. Ran Juma'a kuma ɗan nata ya kira ta, kyamarar ta gyaru.

Masu shida ɗin sun zo sun kwashi nasu. Ɗaya ya ce agogon ba irin wanda aka yi masa alkawari ba ne, kamar ni na ƙera shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Jirgin ƙasan Italiya yana da daɗi ga mai jaka ɗaya, azaba ne ga mai akwati uku. Kada ka sa ƙasa da minti ashirin tsakanin jirgi da jirgi in kana tare da mai ciwon gwiwa. Abin da ka fi so a tafiya ka sa shi a rana ta farko, kada ka ajiye shi a ƙarshe, don duk abin da ya ɓaci a hanya daga jikinsa ake yanka. Kuma na gane ni da nake taƙama na iya ciniki, na sayar da kwana ukun matata don kada mutum shida su ɓata rai.

Hajiya ba ta sake tayar da maganar Venis ba, bidiyon dai yana nan a wayarta. Shekaranjiya wani ya tsaya a shago ya ce ya ji Italiya ta karɓe mu, in zan koma in sanar da shi da wuri, yana da ɗan saƙo mara nauyi. Na ce masa to. Alkawarin Hajiya yana nan a wuyana, kuma in Allah ya ba mu rai da lafiya zan cika shi. Amma ranar da za mu fita, akwati ɗaya ne, kuma babu wanda zai ji sai ya ga hotonta a kan ruwa. Ku ma da kuke karanta wannan ku yi haƙuri, ba zan yi muku sallama ba.